Kayan da Ba a Sa wa Sitaci

Litinin, da hantsi

Likita ya ce in riƙa rubutu don yatsun dama su saki. To ga shi ina yi. Ni ban zauna a aji ba. Abin da na iya rubutawa awon mutane ne: kafaɗa, hannu, wuya, tsawo. Sauran a jikin allunan shaguna na tsinto. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Tun abin da ya same ni a shago aka kawo ni gidan Auta, 'yata ta ƙarshe. Ɗakin sama suka ba ni. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta da igiyar shanyarsu. Keken ɗinkina yana ƙasa, a lungun ɗakin aikin Auta, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Ina jin nasu kekunan daga nan. Na lantarki ne, sai zuuu kamar sauro, ba hutu ba numfashi. Nawa in yana tafiya ka san mutum ne a kai.

Hannun hagu bai ce komai ba tukuna. Yana kwance a cinyata kamar baƙon da ya manta abin da ya kawo shi.

Talata, bayan azahar

Bari in faɗi sana'ar Auta, ko da yake har yau ban gane kanta ba. Wai yanzu mutum zai tashi daga gado, ya zauna gaban kwamfuta a falonsa, shi ke nan ya je ofis. Irin waɗannan take yi wa tufafi. Riga sakakkiya, wando mai zariya, ba kwala, ba maɓalli, ba aljihun ƙirji da mutum zai soke biro. Na ce, Auta, wannan ai kayan barci ne. Ta ce, "Baba, kayan aiki ne." Na ce to, aikin barci.

Mijinta ma haka yake yi. Akawu nake ce masa, don aikinsa ke nan. In za su yi taro ta kwamfuta sai ya ɗora riga mai kwala a sama, ƙasa kuwa wandon Auta yana reto. Ya ce, "Baba, daga ƙirji zuwa sama kaɗai suke gani." Na ce Allah yana ganin sauran. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Tana da dokoki, yarinyar nan. Audugar sai wadda ba a fesa wa magani ba. Rini sai na ganye da ɓawon itace. Ba a zubar da ƙyalle ko na faɗin yatsa, ana tarawa a yi wani abu da shi. Mata uku ke mata ɗinki, kuma da an kira la'asar sai a kashe keke, ko da ana tsakiyar hannun riga. A bayan wuyan kowace riga akwai ɗan ƙyalle da sunan wadda ta ɗinka. Ni ba a taɓa ɗinka sunana a jikin riga ba, amma a unguwarmu in aka ga yadda kafaɗa ta zauna an san daga inda ta fito. Har yanzu ina riƙe da awon mutanen layinmu kaf a kaina, da na raye da waɗanda suka riga mu. Ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, da safe

Na ce a sauko da ni in taimaka, ko da zura zariya ce.

Ta zauna a bakin gado ta ce, "Baba, na yi wa masu saye alkawari. A ɗakin nan ba a sa yaro aiki, ba a sa mara lafiya, ba a sa wanda ba za a biya ba."

Na ce, ni wanne ne a ciki?

"Na biyu. Kuma na uku, don na san ko na miƙa maka ba za ka karɓa ba."

Uba ya buɗe hannu 'yarsa ta ba shi ladan ɗinki? Ta san ni. Wato dokar da ta kafa don kada a cuci talaka, ni ta kama.

Da za ta fita ta ajiye mini riga da wando a kan kujera, masu launin ruwan shayi. Ta ce za su fi mini sauƙin sawa da hannu ɗaya. Tun daga nesa na gane yankan. Ban taɓa su ba.

Alhamis, da yamma

Shanyar maƙwabta ta bushe, an kwashe.

Asabar, da hantsi

Kullum da safe sai na sa kaftani da hula, ko da daga gado zuwa kujera zan je. Akawu ne ke sa mini maɓalli. Yau ya ce, "Baba, ina zuwa haka?" Na ce inda kai kake zuwa da wandon barci.

Mutum in ya yarda ya wuni da kayan kwanciya, ya gaya wa ƙofa ta daina jiransa. Na gani da idona.

Mai wankin da suke kai wa kayana bai san guga ba. Kari biyu yake fitarwa a hannun riga, kamar titin jirgin ƙasa. A ƙasan akwatina akwai farin kaftani guda da ba nasa ba ne gugar. Ba na sa shi. Wani lokaci ina ɗaga murfin in duba karin yana nan. Yana nan.

Talata, bayan azahar

An sauko da ni za mu koma asibiti. Akawu a gefe, sanda a gefe. Muka bi ta ƙofar ɗakin aiki, sai na ja na tsaya.

Wani kamfani da ma'aikatansa ke aiki daga gida ya ba Auta babban aiki, mafi girma tun da ta fara. Ga kayan nan a tebur an gama, an naɗe, tsibi-tsibi. Wallahi kamar an kwana a cikinsu. Ba kari, ba sheƙi, duk a yamutse.

Na ce, wa zai yi gugar?

Doguwa, babbar mai yankansu, mace mai baki kamar almakashinta, ta ce, "Baba Tela, ai an gama. Tururi kawai ake nuna musu."

Na ce haka za a kai wa mutane?

Auta ta ce, "Haka suke so, Baba. Laushin suke saya."

Muka wuce mota. Duk tsawon zamana a shago ba a taɓa fitar da riga ba tare da ta sha sitaci ta tsaya da ƙafarta ba. Ni nake ɗinki, marigayiya matata take guga. In ta gama sai ta ɗaga rigar ta kalli haske ta ce, yanzu ta zama ta mutane.

Likita ya danna hannun hagu ya ce in matse yatsansa. Na matse a raina.

Alhamis, da safe

Za a buɗe kwalayen nan a gidajen manyan mutane a ce 'yar tela ce ta aiko da wannan. A ce ubanta bai koya mata ba.

Jumma'a, da yamma

Ina ta jin tef ɗin naɗe kwali, ƙiiit, ƙiiit. Ba su gama ba aka kira la'asar. Suka kashe komai suka tafi, da sauran rabin kaya a tebur. Sai Litinin kuma.

Lahadi, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Yau na yi aiki.

Auta da Akawu sun tafi duba mahaifiyarsa, suka bar mini abinci a rufe da waya kusa da hannu. Da na ji motar ta fita sai na ja jiki zuwa matattakala. A zaune na sauko, kamar yaro mai koyon rarrafe. Ba wanda ya gani, don haka bai faru ba.

Na yaye zanen da ke kan kekena na gaishe shi. Bel ɗin ya saki. Ban taka ba, ba abin da ya kawo ni ke nan ba. A ƙarƙashinsa akwai kwalin da aka kwaso daga shago, kuma na san abin da ke ciki: dutsen gugar nan mai nauyi, wanda aka naɗe wa mariƙinsa ƙyalle shuɗi, da ragowar garin sitaci a gwangwani. Ƙyallen har ya ɗauki siffar yatsu. Ba nawa ba.

Na dama sitaci kamar yadda na saba gani ana yi. Na yayyafa, na danna dutse. Da hannu ɗaya abin da wuya, sai in ɗora dutsen in bar shi in gyara hannun riga, in dawo. Amma kai, ka ga kaya! Riga ta miƙe, wando ya yi kari kamar wuƙa. Ɗakin ya cika da ƙamshin nan. Na ɗan zauna na rufe ido, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Na yi fiye da rabin abin da ke tebur kafin na gaji. Wasu sun yi ɗan duhu a inda dutse ya zauna. Danshi ne, zai tafi in sun sha iska.

Hawa ya fi sauka wuya.

Lahadi, bayan magariba

Bai tafi ba.

Litinin, da hantsi

Ba zan rubuta da yawa ba.

Tun daga bakin ƙofa Auta ta ji ƙamshin, jiya. Na ji takunta ya tsaya cak. Ta daɗe a tsaye. Sannan na ji an kunna fitilar ɗakin aiki.

Rinin ganye ba ya son wuta, ashe. Ba ya son sitaci kuma. Inda na yayyafa ya yi dabbare-dabbare, inda na bar dutse ya fito da hotonsa sak, da hancinsa da komai. Ta hau da riga ɗaya a hannu, a sandare kamar faranti. Na shirya amsa iri-iri. Da ta yi faɗa da na ji daɗi.

Ta ce, "Baba." Shi ke nan. Ta kalli rigar, ta kai ta hancinta, ta juya ta sauka.

Na ji famfon kicin yana ta zuba, ba a wanke komai.

Yau da safe an sa kwaɗo a ƙofar ɗakin aiki ta wajen matattakala. Akawu ne ya sa. Da ya zo yi mini maɓalli bai yi wasa ba, ni ma ban yi ba.

Talata, da yamma

Ana jin komai a gidan nan. Matan sun ce za su riƙa kaiwa dare har a maye abin da ya ɓaci. Doguwa ce ta fi ɗaga murya: "Mu muka ce muna so, wa ya tilasta mu?" Auta ta ce a'a. Ta ce in ta karya doka ranar da ta matsu, to da ma can ba doka ba ce, talla ce.

Ta kira mutanen kamfanin. Ta ce kaya sun lalace a hannunta, ba za su iso kan lokaci ba. A hannunta, ta ce. Sun karɓi waɗanda aka riga aka rufe a kwali, sauran sun ce sun fasa.

Da aka kira la'asar suka kashe kekuna kamar kullum.

Taurin kan nan ban san inda ta samo shi ba.

Laraba, bayan azahar

Babba ya kira, ɗana na fari.

"Baba, Asabar zan zo in ɗauke ka. Ka huta a wurina, ita ma ta huta."

Na san gidansa. Can ƙololuwar bene, sai an shiga lif. Shi da matarsa suna fita tun safe. Taga ba ta buɗuwa, wai saboda yara.

Na ce, keken fa?

"Baba, keke kuma? Wa zai taka? A ina ma za a ajiye shi?"

Na ce ba ni Auta. Ya ce da Auta aka yanke shawarar. Ya ce yanzu kaya ne suka ƙone, gobe kuma fa, in ka faɗo daga matattakala ba kowa a gida?

A nan ko ba komai ina jin ana ɗinki ta ƙarƙashin ƙafata.

Alhamis, da safe

Auta ba ta hau ba. Akawu ne ya kawo shayi.

Alhamis, da hantsi

Doguwa ta hau da kwando a ka, ta dire shi a tsakar ɗakina tana haki.

"Baba Tela, ina kwana. Ga 'ya'yanka na kawo maka. Ba wuri a ƙasa."

Kayan ne. An wanke, sitacin ya fita, sun koma laushinsu, amma hoton dutse yana nan daram.

Na ce a zubar mana.

"A gidan nan? Ka manta doka? Sai an farke su ɗaya bayan ɗaya, a fitar da inda bai ƙone ba, a haɗa a yi wasu. Ka ba mu aikin da za mu kai baɗi muna yi. Allah ya saka da alheri."

Na ce bakinki zai kai ki.

"Ya riga ya kai ni, ga ni a ɗakinka." Ta ɗauko riga ɗaya ta shimfiɗa a gwiwa. "Amma fa karin ya fita. Kafin mu wanke sai da na kira su na ce ku zo ku ga yadda ake yi a zamanin da, lokacin da tufafi ke sa mutum ba mutum ke sa tufafi ba."

Sai ta naɗe rigar. Ta ce, "Ranar da na fara aiki a nan Auta ta nuna mini rigar farko da ta yi. Tana ajiye da ita. Ta ce ta Mama ce."

Na ce na san rigar. Na ce ta sauka, ana jiranta.

Da ta tafi na ga ta bar 'yar ƙugiyar farke ɗinki a kan kwandon. Doguwa ba ta mantuwa da kayan aiki.

Alhamis, da yamma

Fatar uwarsu ce ta daina ɗaukar sitaci, a ƙarshe. Ko ina ya taɓa sai ya yi ja. Auta ta yanka wani tsohon zane da ya sha wanki, ta yi mata riga ba kwala ba maɓalli. Ta sa ta ce, kai, kamar ban sa komai ba. Ta yi murmushi.

Ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba.

Shi ke nan. Likita yatsu ya ce in motsa, ba wannan ba.

Jumma'a, da hantsi

Na gwada. Farke ɗinki yana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya tsinke. Na sa haƙori, rigar ta jiƙe. Na danne da gwiwa, ta zame. Sai na ɗauki hannun hagu da na dama, na ɗora shi a kan rigar a bisa tebur. Yana da nauyi, ba ya motsi, ba ya gajiya. Rigar ta tsaya.

Ɗinkin matan nan yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Sai da na yi gumi kafin na raba hannu da kafaɗa.

Jumma'a, bayan azahar

Doguwa ta leƙo ta ga ƙyallayen da na jera a kan gado, masu kyau gefe, masu ƙuna gefe. Ta ce, "Ni ban ga komai ba." Ta kwashe masu kyaun ta sa a cikin mayafi.

Akawu ya sauko mini da akwati. An kwashe kayana duka an kai wanki don tafiya, sai gobe da rana za a karɓo a zuba a mota. Ya ce, "Baba, gobe sai ka sa farin nan na ƙasan akwati, ai bai taɓa sawuwa ba."

Na ce to.

Asabar, da safe

Na fito da shi na shimfiɗa a gado. Karin hannu ɗaya tal, daga kafaɗa har wuyan hannu, ba karkata. In na sa shi na zauna a mota, kafin mu fita daga unguwa ya karye. Kuma ba mai mayar da shi.

Na daɗe ina kallo. Ga kwando a gefe.

Asabar, bayan la'asar

Na mayar da farin cikin akwati.

A kwandon na zaɓi wadda ta fi ƙonewa, mai hoton dutse a tsakiyar ƙirji. Da hannu ɗaya ta shiga, ba sai na kira kowa ba. Zariyar wandon na ja da haƙori. Hula kam na sa, ba a kai nan ba.

Na ɗaura ƙugiyar a zariya, na tura kwandon gaba da ƙafa, na bi shi a zaune. Ya riga ni isa ƙasa, da ƙara. Duk suka fito: Auta, Akawu, matan da suka zo yi mini sallama, da Babba da bai daɗe da isowa ba, makullin mota a hannu.

Babba ya ce, "Subhanallahi, Baba, mene ne haka?"

Na ce kayan aiki ne.

Akawu ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Auta ba ta yi dariya ba. Rigar take kallo, ba ni ba. Ta zo ta durƙusa ta gyara mini wuyan, yadda take gyara wa uwarta, sai da na kawar da kai.

Na ce, ni na ɓata, ni zan farke. In na gama kwandon ku kai ni inda kuka ga dama.

Ta ce, "Mara lafiya ba ya aiki a ɗakin nan."

Doguwa ta ce, "Wanda ya sauko bene da kwando? Ni ma ban kai shi lafiya ba."

Auta ta ce, "Wanda ba a biya ba ma ba ya yi."

Nan ta kama ni. Na kalli lungun da keken yake.

Na ce, a saya wa keke bel da mai. Shi za a biya, ba ni ba.

Ta goge ido da bayan hannu ta ce, "Yaya, ka ci abinci ka koma. In kwandon ya ƙare ma yi magana." Babba ya fara cewa matattakala, ta ce za a sauko da gadon falo. Akawu ya je ya cire kwaɗon.

Kwandon babba ne. Ni kuma hannu ɗaya gare ni, ba zan yi gaggawa ba. Doguwa ta ce akwai wani ma a bayan ƙofa da ba ta hau da shi ba.

Ba a bar ni na taka keke ba. Wataƙila ba za a taɓa bari ba. Sun sa mini kujera kusa da shi, na ɗora hannun hagu a kan riga na kama aiki. Ina tsakiyar wata kafaɗa aka kira la'asar. Auta ta zo ta zare ƙugiyar daga yatsuna. Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Baba, kowa da kowa."

Har yanzu ina kan bakana, kayan barci ne. Wuyan dai bai ci ni ba tun safe. Ban gaya mata ba.